Amsa ga ƙanena mai son karatun NMR

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana son ka fito yin digiri na uku a kan dabaru masu sauri na NMR, wato hanyar binciken siffar ƙwayoyin sinadarai irin su furotin ta amfani da maganaɗisu mai ƙarfi da bugun igiyar rediyo, amma kana tsoron ko fannin ya tsufa, tunda tun 1946 masana kimiyyar fiziks Bloch da Purcell suka buɗe shi. Ka kwantar da hankalinka, aiki na nan jingim.

Furotin ba ya tsayawa cak. Yana naɗewa, yana kama magani, yana saki. Gwajin NMR mai fuska biyu na gargajiya kuwa, wanda ke baje sakamako kamar taswira mai tsawo da faɗi, sai an maimaita bugun rediyo sau ɗaruruwa, wani lokaci a shafe awanni, kafin a gama, abin da ake son gani ya riga ya wuce. A 2002 Lucio Frydman da abokan aikinsa suka nuna za a iya kasa ruwan da ke cikin bututun gwaji gida-gida, kowane yanki ya ɗauki nasa rabon aikin, a samu sakamako da bugu ɗaya. A 2005, a Grenoble ta Faransa, Schanda da Brutscher suka fito da wata dabara da ake kira SOFAST, mai ba da sakamakon furotin cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne motsin da ya fi wannan sauri, na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ɗakin binciken Lewis Kay a Toronto ya yi suna wajen gano siffar da furotin ke shiga na ɗan ƙiftawar ido, wadda kashi 1 cikin 100 kawai na ƙwayoyin ke cikinta. Sau da yawa a wannan ɓoyayyar siffa aikin furotin yake, shi ya sa masu haɗa magunguna suka damu da ita.

Amma ka san abin da za ka tarar. Maganaɗisun injin NMR na 600 MHz ya kai tesla 14 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), ana sanyaya shi da ruwan hiliyam, ba a kashe shi dare da rana. Saboda ƙarfinsa, makulli da katin banki a bakin ƙofa ake barinsu. Za ka yi makonni kana kiwon ƙwayoyin bakteriya don samun rabin mililita na furotin, sannan ka shiga layin injin.

Don haka ka dage da lissafi da Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, tun yanzu. Kafin ka amsa tayin kowane malami, ka tambaye shi kai tsaye: awa nawa ɗalibansa ke samu a kan injin a mako, kuma tallafin shekara nawa ne?