Amsa: 'Yar kyanwar da kika tsinta tana cizo da yaƙushi

'Yar'uwa, Allah ya saka da alheri da kika ɗauke ta. Kin ce tana cizon hannu, tana yaƙushin kujera, tana kuma fitsari a bayan ƙofa.

Cizon nan ba mugunta ba ne. A wurin 'yan'uwanta kyanwa take koyon iyakar cizo: in ta ciji ɗaya da ƙarfi, sai ya yi ƙara ya bar wasan. Wadda aka raba da su da wuri ba ta samu wannan ba, ke ce za ki koya mata. Da haƙori ya taɓa ki, tsayar da hannun, kada ki fizge, don fizgewa na sa ta ɗauka abin farauta ne. Tashi ki bar ta minti biyu. Wasa kuwa da igiya a bakin sanda, ba da yatsu ba. Don Allah kada ki doke ta. Tsoronki kawai za ta koya, ga shi ta riga ta sha wahala.

Yaƙushi ba ya hanuwa, farce take gyarawa. Kafa mata katako da aka naɗe da igiya kusa da kujerar.

Fitsarin ne ya fi damuna. Zuba mata yashi a faffaɗan mazubi, a lungun da babu hayaniya, ki riƙa sa ta ciki bayan ta ci abinci ko ta farka. Ki wanke inda ta saba sosai, warin ne ke mayar da ita. In tana yunƙuri amma fitsarin na fita kaɗan-kaɗan, ko da jini, kai ta wurin likitan dabbobi a ranar.