Tambaya da Amsa: Me Ya Kamata Ɗalibin Laburare Ya Fara Koya Game da Kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. An ba ni kwas ɗin gabatar da fasahar kwamfuta ga 'yan aji ɗaya a sashen nazarin laburare. Ɗalibai sun haura 100, kwamfutoci 12 ne kawai ke tashi, wuta kuma sai yadda ta yiwu. Jadawalin da na gada duk tarihin kwamfuta ne da sunayen sassanta. Ina tsoron su gama, a kai su aiki, su kasa taɓuka komai. Me zan sa a gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tsoronki yana kan hanya, amma ƙarancin na'ura ba shi ne babbar matsalarki ba. Ki raba su rukuni-rukuni, mutum 8 ko 9 a kan kwamfuta ɗaya, a riƙa karɓa-karɓa wajen zama gaban allo, ki kuma rubuta sunan wanda ya zauna a kowane darasi, in ba haka ba mutum guda ne zai riƙe linzami har ƙarshen zango. Tarihin kwamfuta lakca ɗaya ta ishe shi.

Makonnin farko su tafi a kan fayil: ina yake zaune, wane iri ne, nawa ne nauyinsa, yaya ake sa masa suna. Yaran yanzu sun tashi da waya a hannu, wayar kuma tana ɓoye musu inda take ajiye abu, don haka za ki ga wanda ya ƙware a TikTok bai san inda takardar da ya sauke ta shiga ba. Daga nan sai tsarin bayanan littafi. MARC 21, wato tsarin da ke ba kowane bayanin littafi gurbi mai lamba a katalog, ba ya buƙatar wuta, a takarda ma ana koyonsa: 020 lambar ISBN (lambar shaidar littafi), 100 marubuci, 245 sunan littafi, 264 maɗaba'a da shekara, 300 yawan shafuka, 650 maudu'i. Su cike da biro a aji, ranar da aka samu wuta su shigar a Koha, manhajar gudanar da laburare wadda kyauta ce, kuma ana amfani da ita tun shekarar 2000 da aka fito da ita a New Zealand. Kwamfuta ɗaya za ki girka wa ita, sauran su shiga ta burauza, ko babu intanet, muddin an haɗa su a layi ɗaya.

Yanzu ga abin da nake so ki ɓata masa lokaci fiye da komai. Akwai wata fahimta da ta zauna a kan ɗalibai, da ma'aikata, har da wasu shugabannin laburare, cewa duk abin da ya shiga kwamfuta ya tsira. Bai tsira ba. Akwatin katin katalog yana shekara 40 a kusurwa, gara ta ci ɗan abin da za ta ci, saura na nan. Faifan ajiyar kwamfuta kuwa dare ɗaya yake mutuwa da aikin shekara 5 a cikinsa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ki tambayi ɗalibai ina kwafin ajiya yake, za ki ji amsa iri uku, duka gurɓatattu. Na farko zai ce ya kwafe zuwa wata jaka a cikin kwamfutar. To faifai ɗaya ne, in ya ƙone ko ɓarawo ya ɗauke na'urar, duka sun tafi. Na biyu zai nuna miki filashi a jikin makullinsa, wanda kullum yake yawo shagunan buga takardu yana kwasar bairos ɗin nan mai ɓoye jakunkuna ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Na uku, mai ganin ya waye, zai ce yana Google Drive. Idan jakar tana daidaita kanta da kwamfutar ne, abin da aka goge a nan ya gogu a can, abin da ya lalace a nan lalataccen ne zai hau, kuma kwandon shara na Drive kwana 30 yake riƙe abu. Sau da yawa ma akwatin imel ɗin da aka buɗe Drive da shi na wani ɗan bautar ƙasa ne da ya gama ya tafi da kalmar sirri.

Ƙa'idar da za su haddace ita ce kwafi 3, a kan ma'adana iri 2, ɗaya a wajen ginin. Amma hadda ba ta isa ba. Kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, ba a san ko yana aiki ba. Koha da aka girka a Debian ko Ubuntu (nau'o'in tsarin kwamfuta na Linux) tana yin kwafi da kanta kullum a jakar /var/spool/koha, sai dai a kan faifan nan dai take ajiyewa, kuma na 'yan kwanaki kaɗan take riƙewa. Aikin da ke kan jadawalin dare ba zai gudana ba in an kashe janareta tun la'asar. Ki sa kowane rukuni ya yi koha-dump, umarnin fitar da kwafin rumbun bayanai, ya ɗauke fayilolin zuwa faifan waje, ki goge musu rumbun gwajin a gaban idonsu, su dawo da shi da umarnin koha-restore, su ƙirga bayanan su ga ko sun cika. Wanda ya ga allo fayau sau ɗaya ba sai an sake yi masa wa'azi ba.

Wannan fahimtar ce 'yan kwangila ke cin abinci da ita. Mutum zai zo da manhajar da ya haɗa, mai launi da hoton makaranta a fuska, a biya shi, a yanka kintinkiri. Babu wanda ya tambaye shi ko tana fitar da bayanai a tsarin MARC. Bayan shekara 2 lambarsa ba ta shiga, kalmar sirrin uwar garke na hannunsa, littattafai dubbai sun maƙale. A shekarun 1990 jami'o'in tarayya a Najeriya sun yi amfani da manhajar laburare ta TINLIB, daga baya aka bar ta aka koma wasu. Kowace manhaja haka za ta wuce, Koha ma wata rana. Bayanan ne dukiyar laburare. Ki koya musu tambaya ɗaya da za su yi wa duk mai talla: fitar mana da bayanai 100 yanzu a fayil na MARC, mu buɗe a MarcEdit, manhajar duba fayilolin MARC, mu gani. In ya fara kame-kame, a sallame shi. Abin haushi, kwamitin sayayya kan zauna ya gama ba a gayyaci ma'aikacin katalog ko ɗaya ba.

Bayanai suna lalacewa ma ba tare da faifai ya mutu ba. Ki sa su rubuta ISBN mai lamba 13 a Excel. Zai koma 9.78E+12, in aka adana shi a fayil na CSV a haka, lambobin sun tafi ke nan. Tsohuwar ISBN mai lamba 10 da ta fara da sifiri kuma sifirin zai faɗi. Maganin shi ne a mayar da layin na rubutu kafin a shigar da komai. Haka ɓ, ɗ da ƙ: in ba a adana fayil a UTF-8 ba, wato tsarin Unicode mai ɗauke da irin waɗannan haruffa, sai su dawo alamar tambaya, mai neman littafin da sunansa ya fara da Ƙ ba zai same shi ba. A MARC, gurbi na 09 a layin jagora, wato layin farko na kowane bayani, ya zama harafin a, alamar Unicode ke nan.

Sikanin ma haka. Hoton da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp an matse shi, bai zama kwafin adanawa ba. Uwar kwafi fayil ɗin hoto na TIFF ce, aƙalla ɗigo 300 a inci, a fitar da PDF daga cikinta don masu karatu. Shafin A4 mai launi a haka yana cin kusan megabayit 25, littafi mai shafi 200 ya kai gigabayit 5. Su yi wannan lissafin da kansu kafin wani ya yi alkawarin sikanin duk kundayen digiri a kan faifai ɗaya.

Kwafin rumbun Koha yana ɗauke da sunayen masu aro, lambobin wayarsu da abin da suka karanta, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafe shi, don haka a kulle faifan wajen da kalmar sirri, a ajiye shi a ofishin da aka sani. Wajen rabon maki, ki ba gwajin dawo da rumbu kaso mai tsoka daga makin aikin aji, kowane ɗalibi ya yi shi kaɗai cikin minti 20.