Su Wa Suka Fi Barin Sakandare Kafin Su Kammala?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare, kuma kullum ina jin ana cewa barin karatu matsalar 'yan mata ce kawai. Shin haka alƙaluma suka nuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba. Binciken MICS na 2021 kan halin rayuwar yara da mata, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya nuna cewa waɗanda ke kammala babbar sakandare a Nijeriya sun ɗan haura rabi ne kawai, kuma tazarar da ke tsakanin 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa ta fi wadda ke tsakanin maza da mata nesa ba kusa ba. Haka ma tazarar birni da ƙauye. Yarinyar da mahaifinta ma'aikaci ne a cikin birnin Kano ta fi yaron manomi na ƙauye damar kaiwa aji shida na sakandare, amma idan talauci da zaman ƙauye suka haɗu a kan 'ya mace, to ita ce ke can ƙarshen layi.

Inda igiyar ta fi tsinkewa shi ne bayan aji uku na ƙaramar sakandare. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta karatu kyauta na shekara 9, wato shida a firamare da uku a ƙaramar sakandare, daga nan tilascin doka ya ƙare. Sau da yawa babbar sakandaren tana wani gari, don haka sai uba ya zauna ya lissafa kuɗin mota, da na kayan makaranta, da kuɗin WAEC ko NECO da ke jiransa a gaba, alhali ga mai neman auren yarinyar yana zarya. Shi kuma namiji, da damina ta faɗi sai gona ta ɗauke shi, da rani ya tafi cirani ko ya kama acaɓa, kuma wanda ya fara riƙe kuɗinsa da wuya ya koma aji. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaran nan ba a cika ƙirga su ba. A kudu maso gabas ma an daɗe ana kuka da yadda maza ke barin makaranta su tafi koyon kasuwanci.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lissafin. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021, an rufe makarantun kwana da dama, alhali su ne madogarar 'ya'yan karkara.

Shawarata, Malama, ki ɗauki rajistar 'yan aji uku na bara, ki rubuta garin kowane ɗalibi da sana'ar mahaifinsa, sannan ki bincika wa ya shiga aji huɗu. Waɗanda kika rasa, ki fara da zuwa gidajensu kafin zangon karatu ya yi nisa.