Ku Tambayi Gwaggo: Tun Da Na Dawo Daga Yukiren Barci Ya Ƙaurace Mini

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ɗaliba ce daga unguwar Rafindaɗi a cikin birnin Katsina. Ina karatun likita a Yukiren lokacin da yaƙi ya ɓarke a watan Fabrairun 2022. A tashar jirgin ƙasa da kuma kan iyakar Folan an riƙa ware mu baƙaƙe gefe guda, muna tsaye cikin sanyin da ban taɓa jin irinsa ba, har wata mata ta shige jirgi da karenta a hannu ina kallo. Allah ya dawo da ni gida lafiya, na ci gaba da karatu a nan. Sai dai tun daga lokacin na duƙufa wajen neman sanin wariyar launin fata, kullum dare ina kan waya ina kallon bidiyon kisan Joj Fuloid, baƙar fatar nan ɗan Amurka, da makamantansa, barci ya ƙaurace mini, na zama mai saurin fushi. Kwanan nan Inna, ƙanwar mahaifiyata, ta kawo wa ƙanwata man bilicin wai ta yi haske kafin bikinta, na gaya mata magana mai zafi. Mama ta ce na yi rashin kunya, kuma in manta da abin da ya wuce. Shin in daina bibiyar waɗannan abubuwa ne domin in samu natsuwa?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ba zan ce ki manta ba, domin abin da ya same ki ba mafarki ba ne: kwana huɗu da fara yaƙin, ranar 28 ga Fabrairun 2022, Ƙungiyar Tarayyar Afirka da kanta ta fitar da sanarwa tana Allah wadai da yadda ake hana 'yan Afirka tsallake iyaka. Amma ki yi wa Mama uzuri. A shekarun nan da mutanen Batsari da Jibiya da Safana ke kwana ido biyu saboda 'yan bindiga, uwar da ɗiyarta ta fito daga cikin yaƙi da ƙafafunta ba ta ganin saura wani abin kuka, kuma da ta ce ki manta, nufinta kada a sake taɓa mata ke.

Abin da nake so ki rarrabe shi ne kallo da sani. Wancan bidiyo na ranar 25 ga Mayun 2020 a birnin Miniyafolis na Amurka, inda ɗan sanda ya danne wuyan Joj Fuloid da gwiwa fiye da minti tara, kallonsa na farko ya sanar da ke wani abu, na goma kuwa fami kawai yake yi wa gyambo. Manhajojin waya an ƙera su ne su riƙa kawo miki irin abin da kika fi tsayawa a kansa, shi ya sa duk daren da kika kalli ɗaya sai su jero miki goma. Ba kasafai suke nuna miki cewa yarinya 'yar shekara 17 ce ta tsaya ta ɗauki hoton ba, ko cewa a 2021 kotu ta kama ɗan sandan da laifi ta ɗaure shi shekara 22 da rabi. Ki ajiye wayar a falo bayan sallar isha'i, ki mayar da wannan karatu zuwa rana, ki kuma koma ga littattafai.

Idan za ki ji tawa, ki fara daga ƙofar gida. A wajen shekarar 1615, mutanen Tuwat, wani zango na fatake a hamadar Aljeriya ta yau, sun aika wa Shehu Ahmad Baba na Tambutu tambaya game da baƙaƙen da ake kai musu a matsayin bayi. Malamin ya san ɗacin abin a jikinsa, domin bayan da sojojin Maroko suka ci daular Songai a 1591 an tasa ƙeyarsa a ɗaure zuwa Marakish, ya shafe shekaru a can kafin ya koma gida. Ya amsa musu cewa baƙar fata ba hujjar bauta ba ce, ya yi watsi da tatsuniyar da ke cewa baƙaƙe la'anannun jikokin Annabi Nuhu ne, sannan ya lissafa ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba, cikinsu har da Borno da Kano da Katsina. Gaskiya ne bai haramta bauta gaba ɗaya ba, mutumin zamaninsa ne, kuma ya kamata ki karanta shi da wannan sani. Duk da haka akwai ƙarfin zuciya da mutum ke samu idan ya gane cewa shekara ɗari huɗu da suka wuce an ambaci sunan garinsa a cikin wannan muhawara, kuma malami ɗan Afirka ta Yamma ne ya tsaya ya ba da amsar da hujja, ba da zagi ba. Hujjar kuwa kin san ta tun kina Islamiyya, tana cikin aya ta 13 ta Suratul Hujurati.

Sai batun Inna. Kin yi gaskiya a magana, kin yi kuskure a murya. Ita ba ta taɓa tsayawa a kan iyakar Folan ba. Abin da ta sani shi ne tun tasowarta take jin ana cewa fara ko mayya ce, ta ga 'yan kai lefe suna leƙa fuskar amarya suna raɗa, ta ga yadda ake binciken asali idan aure ya taso, a ce wane jikan bayi ne a fasa. Mu Hausawa ba mu cika son a taɓo wannan ba, mun fi jin daɗin nuna Bature da Balarabe da yatsa, alhali kuwa ƙwayar cutar tana cikin akwatin kayan kwalliyarmu. Inna ta kawo man ne don ƙauna, tana tsoron kada dangin miji su raina mata ɗiya, kuma wanda ya yi abu don tsoro ba a raba shi da shi da tsawa.

Ke kuwa Allah ya ba ki abin da yawancinmu ba mu da shi, wato ilimin jikin ɗan Adam. Kin san launin fata ƙwayar melanin ce da ke kare mu daga illar hasken ranar da ke dukan Katsina a watan Afrilu, kin kuma san abin da sinadaran haidirokwinon da makuri da sitiroyid da ake zubawa a man bilicin ke yi: fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin, ciwo ya ƙi warkewa bayan tiyatar haihuwa, wani lokaci ƙoda ta taɓu. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan mayuka.

Game da rashin barci, idan ya kasance kina mafarkin tashar jirgin ko gabanki na faɗuwa da ƙarar ƙofa, kada ki tsaya jin nauyi don kina ɗalibar likita, ki ga likitan ƙwaƙwalwa. Ki kuma nemi waɗanda kuka tsaya layin nan tare, ku riƙa zantawa, domin su ba sai kin yi musu dogon bayani ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar ki sayi ɗan turare ki je gidan Inna, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ba ta haƙuri kan yadda kika ɗaga mata murya a gaban yara. Idan ta huce ta kawo miki fura, sai ki fito da kwalbar man daga jaka, ki karanta mata abin da ke rubuce a bayanta sinadari bayan sinadari, ki roƙe ta ita da kanta ta haɗa wa amarya dilka da lalle irin wanda aka yi mata a nata bikin.