Amsa ga ɗan uwan da ya yi tambaya kan ƙaninsa mai aiki a kamfanin roba

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka ce ƙaninka ya fara aiki a wani kamfanin roba can wajen Ikorodu, shif na awa 12, kullum ya dawo sai ciwon kai da kasala, kunne na ta yi masa ƙara, ga supabaisa na kiransa rago, shi ne kake tambaya ko ya daure ko ya bari. Ni dai na daɗe a harkar nan, na yi na roba na yi na fulawa, daga wajen Ikeja har Apapa, kuma wallahi yaron nan ba rago ba ne, wurin ne ke cin jikinsa.

Zafin Legas daban yake da na gida, wannan ne 'yan uwanmu sababbin zuwa ba sa ganewa. A Kano ko Sakkwato rana ta fi ta nan ƙuna amma iskar busasshiya ce, kana gumi yana bushewa jiki na hucewa. Nan kuwa iskar cike take da danshin teku, sai ka jiƙe sharkaf amma jikin bai huce ba, to ka haɗa da rufin kwano da injin da ke narka roba a zafin digiri 200 ko ma fiye, ga janareta a gefe, ga tagogi 'yan ƙanana can sama, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, ai dole kai ya sara. Ya riƙa shan ruwa kaɗan kaɗan tun kafin ƙishi ya kama shi, ledar fiya wata guda ɗaya duk bayan ɗan lokaci ya fi ya kwankwaɗi guda huɗu lokacin hutu, kuma ya riƙa duba fitsarinsa, in ya yi duhu to ruwan jiki ya yi ƙasa. Ruwan gishiri da sukari na kemis ma yana taimakawa. Abin da nake roƙo dan Allah, kar ya shiga sahun masu haɗiyar diclofenac ko ibuprofen kullum don su iya tsayuwa, maganin nan kan jikin da ba ruwa ƙoda yake taɓawa, tiramol kam ba a ma magana. In kuma ya ga wani ya fara layi yana magana ba kan gado, a fitar da shi inuwa a kwara masa ruwa a yi asibiti, ba a ce ya zauna ya huta ba.

Maganar kunne ita ta fi damuna. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara kenan) tsawon awa 8 tana lalata ji, ga gwaji mai sauƙi, in sai ka ɗaga murya wanda ke gabanka zai ji ka to wurin ya kai. Ƙarar da yake ji da daddare gargaɗi ce, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Na san dattawa a Agege da sai an yi musu ihu a masallaci, duk tsofaffin ma'aikatan inji ne. Ya nemi abin toshe kunne na roba, ba shi da tsada, auduga ba ta tare komai.

Su ma masu kamfanin asara suke, da za su lura. Duk wanda ya tsaya kan layin inji ya san daga ƙarfe biyu na rana kayan da ake warewa saboda sun lalace suke taruwa, lokacin ne kuma hannu ke shiga inji. Wani wuri da na yi, da aka sa fankokin zuƙe zafi aka ajiye tankin ruwa kusa da mu, hatta faɗa tsakanin ma'aikata sai da ya ragu.

Amma abu ɗaya ba daurewa a kansa, ƙofa. A 2002 gobara ta tashi da dare a wani kamfanin roba a Odogunyan, nan Ikorodu, ma'aikata da yawa suka ƙone saboda an kulle su ciki. Ka tambaye shi yau ɗin nan, ana datse get da kwaɗo a shif ɗin dare? In eh ne ya bari, ko nawa ake biyansa.

In ba a kullewa to ya ɗan riƙe tukuna, aiki a garin nan ba sauƙin samu, amma shi da abokan aikinsa su haɗu su da yawa su nemi ruwa da hutu da kayan kariya, mutum ɗaya in ya yi magana washegari ejan da ke kawo wa kamfanin ma'aikata zai sauya shi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce kamfani ya riƙa zuba daidai da kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa daga aljihunsa a NSITF, asusun gwamnati da ke biyan diyya in ma'aikaci ya ji rauni a wurin aiki, kuma har 'yan kashuwal, wato ma'aikatan wucin gadi, ta shafa, sannan jihar Legas na da hukumar sefti, mai kula da kariya daga haɗari a wuraren aiki, da ake kai ƙorafi. Ranar hutunsa ka kai shi a duba hawan jini da ƙoda da kunnen, takardun kuma ka riƙe su a wajenka. Allah ya ba shi lafiya.