Yaya kwamfuta ke gane cewa kiɗa biyu 'yan gida ɗaya ne?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa kwamfuta tana ware nau'o'in kiɗa, har ta ƙirƙiro sabo, da lissafin siffofi. Kiɗa dai kunne ke jin sa, to ina ruwansa da da'ira da layi? Daga mai haɗa kiɗa a situdiyo, Zariya.

Amsa: Ruwansa babba ne, ɗan'uwa. A 2000 Peter Gärdenfors na Jami'ar Lund da ke Suwidin ya kawo ra'ayin cewa hankali yana shimfiɗa abubuwa ne kamar a fili: masu kama suna kusa da juna, kowane nau'i da unguwarsa, wanda ke tsakiyar unguwa kuma shi ne cikakken samfuri.

Gwada da biro. Zana da'ira, ka raba ta gida 16, daga 0 zuwa 15, duk inda bugu ya sauka ka ɗiga. Kiɗan Kyuba mai suna son bugu 5 ne: 0, 3, 6, 10, 12. Rumba: 0, 3, 7, 10, 12. Bosa noba na Brazil: 0, 3, 6, 10, 13. Gahu na ƙabilar Ewe a Ghana: 0, 3, 6, 10, 14. Yanzu ƙirga gida nawa za ka matsar da ɗigo kafin wannan ya koma wancan. Daga son zuwa rumba 1 ne, zuwa bosa 1, zuwa gahu 2, amma daga rumba zuwa gahu 3. Ka ga son ya zauna a tsakiya ke nan, abin da Godfried Toussaint na Jami'ar McGill a Kanada ya nuna. Idan sabon kiɗa ya zo, sai kwamfuta ta auna shi, ta jefa shi unguwar da ya fi kusa da tsakiyarta.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ma'aunin. Wasu suna ƙirga gidajen da suka bambanta kawai. A wannan lissafin, ko gida 1 bugu ya matsa ko gida 2, amsar 2 ce, sai gahu da bosa su yi nisa ɗaya da son, alhali kunne bai yarda ba.

Wajen ƙirƙira, kwamfuta tana neman wurin da babu kowa a bakin iyakar unguwa. Kada ka ce ta ɗauki tsakiyar son da rumba: a bugu na uku, inda suka bambanta, 6.5 za ta ba ka, ta mayar da shi 6 ko 7, ka tashi da abin da ka zo da shi. Ƙara gidajen zuwa 32 tukuna.

Kalangu kuwa da'ira ita kaɗai ba ta ɗaukarsa. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, murya ta hau ko ta sauka cikin bugu guda, kuma a nan maganar take. Sai ka ƙara wa kowane bugu lamba biyu, muryar da ya fara da ita da wadda ya ƙare, ka auna su da senti, ƙaramin ma'aunin hawa da saukar murya, 1,200 a zango guda (wato daga 'do' zuwa 'do' na gaba), ba da maɓallan fiyano 12 na zangon ba.