Amsa ga Yaya: mota ce fa, ba ridda ba

Yaya, na ga abin da ka rubuta a ƙarƙashin bidiyon da babban ɗana ya sa a Facebook, wanda yake zaune a baƙar mota yana taka totur tana ruri, kakansa na gefe yana dariya. Ka tambayi motar wa ce, ka tambayi nawa aka zuba a cikinta, sannan ka rufe da cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tun da a gaban jama'a ka yi tambayar, a gaban jama'a zan amsa, don na san 'yan'uwa da yawa a Kano suna da irinta a ciki. Kai ne dai ka fi su ƙarfin hali.

Motar ba tawa ba ce. Ni Toyota nake ja, kamar kowane magidanci mai tsoron bakanike. Ta surukina ce, mahaifin uwar yaran, Dodge Charger ƙirar 1969. Injinta silinda takwas ne, lita 7.2, ƙarfin doki 375 a takardar kamfani. Ka tuna fijo 504 ɗin marigayi Baba: silinda huɗu, lita 2, ƙarfin dokinta bai cika ɗari ba. Irinsu ne Amurkawa ke kira motoci masu ƙwanji, wato a ɗauki matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu a cusa mata injin da ya fi ƙarfin jikinta, a sayar a farashin da leburan masana'anta zai iya biya. Pontiac GTO ta 1964 ake cewa ta buɗe hanya, kuma zamaninsu bai yi tsawo ba. Kamfanonin inshora suka tsauwala kuɗi, gwamnati ta kawo dokokin hayaƙi, sannan Larabawa suka rufe famfon mai a 1973, layi ya miƙe a gidajen mai. Mutane suka yi ta rabuwa da su a wulaƙance, a lokacin surukina ya sayi tasa hannu na biyu. Ma'aikaci ne a masana'antar Dodge ta Hamtramck, inda ake harhaɗa irinta, har aka rufe wurin a 1980. Shi ba ya cewa ya sayi mota, cewa yake ya karɓo aikin hannunsa.

Hamtramck ɗin nan, tun da na ambace shi, ƙaramin gari ne a nan jihar Michigan ta Amurka da birnin Detroit ya kusan kewaye. Tun 2004 hukumar garin ta yarda a kira sallah da lasifika, a zaɓen 2021 kuma duk kansilolinsa Musulmi ne, yawancinsu tsatson Yaman da Bangaladash. Na faɗa ne saboda masu zaton sai mun shige ƙarƙashin gado muke sallah.

Bidiyon da ka gani a titin Woodward, nan yankin Detroit, aka ɗauke shi. Kowace Asabar ta uku a watan Agusta, tun 1995, ana fito da tsofaffin motoci a jera su daga garin Ferndale har garin Pontiac, jama'a su kafa kujeru a bakin titi tun da sassafe, ana gashi ana kallo. Ranar da na fara zuwa sai na ce ai wannan Hawan Daushe ne. Kowa ya kwana yana goge abin hawansa, kowa na son a ce nasa ya fi ado, tsofaffi na nuna wa jikoki wanda ya wuce suna ba da tarihin gidansu. Algaita ce kawai babu, salansa ta tsaya mata.

Amma bara da bana hirar wajen duk ta koma rigima guda, ita ce kuma ta shigo mana gida. A Disambar 2023 Dodge ta daina ƙera Charger da Challenger masu silinda takwas a masana'antarta ta Brampton a Kanada. A Maris 2024 ta fito da sabuwar Charger, ta mayar mata da ƙofa biyu, ta zana ta har tana ɗiban kama da ta surukina. Sai dai ba ta shan fetur, batir ne a ƙasanta. A Windsor ake yinta, tsallaken kogi, kana bakin ruwa a Detroit kana hango garin. Babbarsu ƙarfin doki 670 gare ta, tana barin tsohuwar a baya tun kafin direba ya gama sa giya. To da yake sun san mutanensu, sai suka dasa mata wata na'ura a baya da suka sa wa suna Fratzonic, aikinta ta yi gurnani irin na inji in an taka.

Gurnanin nan ne ya fi ɓata wa dattawan rai. Da shiru ta yi, in ji surukina, da ya ce sabon abu ne, Allah ya ba da sa'a. Amma a ɗauki sunan Charger, a cire zuciyar, a sa lasifika tana kwaikwayon numfashin mamaci, wannan rainin hankali ne. Abokansa na gareji kowa da irin tasa baƙar maganar, wani ya ce firiji ce mai taya, wani ya ce ko kyauta ba ya so. Ni kuwa da na zauna a garin nan kusan shekara talatin, na ga wannan kukan ba sau ɗaya ba. Da aka dawo da sunan Charger a 2006 da ƙofa huɗu, haka suka yi ta tsinuwa, wai motar kai yara makaranta ce. Ita ce daga baya 'yan sanda suka ɗauka, matasa suka haukace a kanta, yau kuma ita ake wa makoki. GTO da aka farfaɗo da ita a 2004, daga Ostareliya aka kawo ta aka manna mata suna, jama'a suka ƙi ta, shekara uku ta sake mutuwa. Challenger ta 2008 kuwa an karɓe ta hannu bibbiyu, don ta fito sak ta 1970. Ford ma ta sha zagi da ta sa sunan Mustang a wata doguwar motar lantarki. Yanzu Dodge ta ƙara fito da mai fetur, silinda shida, ƙarfin doki har 550, dattawan suka ce a cika musu biyun da suka rage tukuna.

Ɗana yana ɓangaren sabuwar. Injiniyan lantarki yake karanta, kuma ya je an ba shi ya ɗana ta. Ranar da suka yi musu da kakansa a kan tebur, ni na goyi bayan tsoho. Har na kawo musu karin maganarmu na fassara musu, na ce kama da wane ba ta wane, abin da ke kwaikwayon murya ba shi ne mai muryar ba. Tsoho ya ji daɗi, ya sa na maimaita masa da Hausa. Yaron bai ce komai ba sai da muka shiga mota za mu koma gida. Muna tsaye a danja ya juyo ya ce da ni, da Hausarsa mai tangarɗa: “Baba, to ni ma lasifika ne?”

Yaya, ban sami amsa ba har muka iso gida. Na san inda maganar ta samo asali, kai ma ka sani, don kana tsakar gidan. Zuwanmu na ƙarshe yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Hajiya, ya ce mata “kana lafiya?” Gida ya ɗauka da dariya, aka yi ta sa shi ya maimaita, har maƙwabta aka kira. Wata guda muka yi, sunansa ya koma Kana Lafiya. Tun daga nan in na miƙa masa waya sai ya yi sallama ya miƙo mini. Ku kuka rufe masa baki, ku ne kuma ke cewa ba mu koya musu harshe. Alhali na ga 'ya'yan manya a Nassarawa da Abuja da ba sa iya haɗa jimla uku ba Turanci, ban ji wanda ya tambayi ko Hausawa ne ba. Nan gidan Hausa nake yi musu tun suna goye. Mu 'yan kaɗan ne a Michigan, ba kamar Bronx ta New York ba inda mutanen zangon Gana suka cika unguwa har ka sayi koko da ƙosai da Hausa. In mun taru da sallah, da na Kano da na Maraɗi da na Kumasi, falo ɗaya ke ɗauke mu. A haka yaron yake jin duk abin da aka faɗa, yana karantawa, azumi bai taɓa wuce shi ba, kuma bai taɓa kiran sunana ko na uwarsa gatsau ba.

Sai maganar uwar tasa, don na san can albasar ta dosa. Shekara ashirin da huɗu da aure, har yau a gida ana ce mata Baturiya, matar da ta fi ni duhun fata. Kakanninta daga Alabama suka hauro neman aikin masana'anta. Iyayenta na cikin dubban baƙaƙen Amurka da suka bi Imam Warith Deen Mohammed zuwa tafarkin Sunna bayan 1975, don haka a Musulunci aka haife ta, ba saboda ni ta shiga ba. A masallaci aka ɗaura, da waliyyi da shaidu da sadaki, surukina da kansa ya tsare ni da tambayoyi kamar alƙali. Lefe ne kawai ba a yi ba, ta ce a sa kuɗin a haya. Baba ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwarta, sai da aka haifi yaron nan aka sa masa sunansa. Kuka da daddawa tana saya a shagon 'yan Afirka, tuwon ne dai har yau na semo. Ba na cewa babu abin da ya canza. 'Yata tana musu da ni ido cikin ido, abin da ko a mafarki ƙannenmu mata ba su yi wa Baba ba, kuma wani lokacin ita ke da gaskiya, abin da ya fi ciwo ke nan.

Abin da ya sa na goyi bayan tsoho tun farko, fijon Baba ce. Ka tuna yadda muke gane ƙararta tun daga bakin lungu, kafin ta sha kwana? Motoci goma su wuce ba mu motsa ba, tata na tahowa kowa ya rarumi allo. Ka tuna ranar da ya je Kaduna ya ɗauko ta, unguwa ta fito kallo, Hajiya ta raba goro? Duk Juma'a da hantsi shi ke wanke ta da hannunsa, mu namu ɗauko bokiti. Na san abin da ƙarar inji ke yi wa zuciyar mutum, shi ya sa ba na yi wa dattawan Woodward dariya. Kuma tun da an zo nan, bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Da aka zo rabon gado an sayar da motar nan ba a ko buga mini waya ba, sai kasona na gani a lissafi. An ce wani ɗan haya ya saya yana jigilar Wudil da ita. Da an tambaye ni da na biya kowa haƙƙinsa na ajiye ta a zaure. Mutanen da kuke cewa ba su san darajar iyaye ba, ga tsoho ya riƙe mota shekara hamsin don jikansa ya ji irin ƙarar da ya ji.

Batun kuɗi, ba zan yi maka ƙarya ba, tana shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya. Sai dai wata huɗu ko biyar kawai take fita a shekara, don gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara yana cinye ƙarfe. Gyara kuwa su biyu ke yi da hannunsu ranar Asabar. Ka lissafa abin da dokin hawan sallah ke ci a shekara, dawa da harawa da kanwa da mai kula da shi, sannan mu yi maganar almubazzaranci. Akwai yaran banza a nan da ke tare mahaɗar titi da dare suna juyi da mota har taya ta yi hayaƙi, irin gangancin da ake yi a rakiyar amarya a can. Na gaya wa nawa ranar da na gan shi a ciki, ranar zai ajiye makulli.

Tsoho ya riga ya ce motar ta yaron ce bayan ransa. Mun je wajen liman, ya ce ɗan 'ya ba magaji ba ne, don haka wasiyya ta halatta muddin ba ta haura sulusin dukiya ba, an kuma rubuta. Yaron ya ce ba zai taɓa injin ba, amma in ya fara albashi ta lantarkin zai saya ya ajiye kusa da ita, kakan ya ce ba a garejinsa ba.

Ya roƙe ni in sa ka aiko masa da hula zanna bukar, yana so ya sa a Woodward baɗi. Kansa ya fi nawa kaɗan. Ka gaida Hajiya, ka ce ina nan ina neman maganin ƙafar. In kuma za ka sake rubutu a ƙarƙashin bidiyon, ka sani yana karantawa. Ya tambaye ni ma'anar maganar albasa, na ce masa sai na tambayi babansa na Kano.